Garin da Za a Kai Inna Hutu

A gidanmu ba a tafiya haka kawai. Ko dai an yi rasuwa, ko an haihu, ko ana biki, ko wani yana kwance za a je dubiya. In ka ɗauki jaka ka nufi tasha ba da ɗaya daga cikin waɗannan ba, kafin ka kai bakin titi an fara tambayarka ko lafiya kuke da mutanen gida. Shi ya sa shekarar da aka ce za a kai Inna hutu, sai da muka yi ta yi wa mutane bayani, kuma har yau a unguwarmu a Tudun Wada akwai matan da suka yi imani yaji ta so yi, muka rufa asiri da wannan sabon suna.

Babanmu dillalin shanu ne, kuma mai masauki. Fulanin da suke fitowa daga rugagen wajen Doguwa da Riruwai, in sun koro shanu kasuwa, a zaurenmu suke sauka. Tun jajiberin kasuwa zaure yake cika da sanduna da malafuna da butoci, wasu kuma sai sun ƙara kwana bayan an watse. Baba yana yawan bugun ƙirji cewa ba a taɓa kwana da yunwa a zaurensa ba, kuma gaskiya yake faɗa. Sai dai tun da na yi wayo ban taɓa ganin hannunsa ya taɓa muciya ba. Inna ce take hura wuta tun asuba, ita ce surfe, ita ce tankaɗe, ita ce tuƙi, ita ce kwasa, ita ce kuma take sanin wane baƙo ne ba ya cin miyar kuka, wane ne haƙoransa suka zube sai an dama masa kunu.

Ni ce auta. Ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma yana bayan layinsu, don haka duk abin da ya faru ni ake fara kira. Yayyena maza biyu ne. Babban yana aikin gwamnati a Abuja, mai bi masa yana sayar da kayan gini a Kaduna. Suna ƙaunar Inna, ban ce ba sa ƙaunarta ba. Ƙauna ce dai irin ta waya.

Da kaka ne Inna ta fara ciwon kai mai sa ta dafa bango in ta miƙe. Da ƙyar na ja ta asibiti, tana ta cewa rana ce kawai ta buge ta. Likita ya ɗaura mata abin awon jini, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Sannan ya juyo wajena.

"Ke ce 'yarta? To ki saurara. Jinin nan ya hau ƙwarai. Zan ba ta magani, amma magani kaɗai ba zai yi ba. In ba ta ajiye aiki ta huta ba, ina jin tsoron shanyewar ɓarin jiki."

Inna ta gyara mayafi ta ce, "To likita, in Allah ya yarda, da zarar an gama kaka."

"Ba bayan kaka ba, Mama. Yanzu."

Muna fitowa na kira Yaya Babba na faɗa masa abin da likita ya ce, kalma da kalma. A tunanina zai ce a nemo mace mai ƙarfi a ɗauke ta aiki ta riƙe madafi, Inna kuma ta shige ɗakinta ta kwanta. Ina! Abin da mutum zai yi ba a ɗauki hotonsa ba ai ba aikin Yaya ba ne. Kafin la'asar ya rubuta a guruf ɗin gidanmu na waya cewa lokaci ya yi da mahaifiyarmu za ta san abin da ake kira hutu, kuma za a zaɓa mata gari na gani na faɗa.

Ya turo wani dogon rubutu na Turanci mai hotuna, wai biranen da suka fi daɗin zuwa hutu a duniya. Ga Dubai, ga Istanbul, ga wani gari da ruwa ya cinye titunansa ake yawo a kwalekwale. Ya ce kowa ya karanta ya kawo ra'ayi. Na ce, Yaya, matar da ko fasfo ba ta da shi, matar da in za ta Kano sai ta sha lemon tsami saboda amai? Yaya na Kaduna ya ce in dai jirgi za a hau, ai Umara ta fi dacewa da mai shekaru. Kowa ya rubuta masha Allah. Da aka zo kan wanda zai ɗauki nauyi, guruf ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, sai muka ga an sauko gida Najeriya ba tare da kowa ya ce an sauko ba.

Daga nan aka shiga yaƙin Abuja da Kaduna. Yaya Babba ya ce Abuja ce kaɗai gari: tituna shimfiɗe, fitilu ko'ina, babban masallaci, ga ɗaki mai sanyin esi da ya ware mata. Na Kaduna ya ce Abuja ba gari ba ce, ofis ce, wurin da maƙwabcinka zai mutu sai ka ji a rediyo. Kaduna kuwa ga kogi, ga kifi, ga mutane masu amsa gaisuwa. Wannan ya turo hoton wani lambu, wancan ya turo hoton gada. Suka yi ta yi har da muryoyi masu tsawo waɗanda sai ka ajiye waya ka gama wanke-wanke ba su ƙare ba.

Abin da ba wanda ya turo hotonsa shi ne cikin matar Yaya Babba, wanda ya tsufa, haihuwa yau ko gobe, kuma uwarta ta rasu, babu mai zuwa zaman jego. Haka nan ba wanda ya ambaci cewa matar na Kaduna ta koma makaranta, yara ƙanana suna wuni a hannun maƙwabta. Ni kuwa bakina ba ya iya riƙe irin wannan. Na rubuta cewa in raino ake nema a ce raino, a daina ɓata sunan hutu. Yaya Babba ya amsa da cewa, "Auta, ki iya bakinki," sannan ya cire ni daga guruf. Sai da mijina ya ba shi haƙuri ya mayar da ni.

Da na dawo sai na kawo tawa shawarar. Na ce Jos. Daga nan ta Doguwa hanya ce miƙaƙƙiya, gari ne mai sanyi, kuma babban abin da ya ja ni, ba mu da kowa a can. In yi mata rakiya, mu kama ɗaki, ta ci, ta kwanta, ta tashi, ta ƙara kwanciya. Baba ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, a kira Baffa.

Baffa ƙanin Baba ne, malami, yana karantar da manya littattafai a zaurensa bayan asuba, kuma ba a yanke babbar magana a gidanmu sai ya sa baki. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani. Ya saurara yana jan carbi.

"A Jos ɗin, gidan wa za ta sauka?"

"A otal, Baffa. Ni da ita."

Ya yi salati har carbin ya tsaya. "Otal? Matar aure, uwar manya, mai jikoki? To in an tambaya me ta je yi, a ce me?"

"Ba komai, Baffa. Abin da likita ya ce ta yi ke nan. Ba komai."

"Ba komai ba dalilin tafiya ba ne, Auta."

Sai kuma fuskarsa ta washe. Ya tuna ashe muna da ɗan'uwa a Jos, ɗan gwaggonsu, wanda ya bar Riruwai tun lokacin da aikin kuza ya mutu. In dai Jos ce, a gidansa za ta sauka, in ba haka ba ya ji labari zumunci ya lalace. Kuma ma an yi masa rasuwa bara ba wanda ya je, sai ta haɗa da ta'aziyya. Ga shi an ce uwargidansa ba ta da lafiya, za su ji daɗin samun babbar mace a gidan. Na ce Baffa a bar maganar Jos, na janye. A ranar na gane duk faɗin Arewa babu garin da ba mu da gawa ko jariri a cikinsa.

Duk wannan abin da ake, ita mai hutun ba wanda ya tambaye ta. Ko da an tambaya ma, Yaya Babba ɗan fari ne, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya. Ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce mutumin Abuja. In ya kira waya, takan juya ta fuskanci bango ta ce "to, to, madalla," sannan ta miƙo mini. Yadda ba za ta yi hira da shi ba, haka ba za ta ce masa a'a ba. Rannan tana tsince shinkafa na zauna kusa da ita.

"Inna, ke ina kike so?"

"Duk inda suka ce. Yaro ya ce zai yi maka alheri, ka tsaya zaɓe?" Ta watsar da tsakuwa. "Sai dai ba a zuwa gidan mutane hannu rabbana."

Girma ya yi aiki, Abuja ta ci. Yaya ya sanar da sakamako da hoton tuta. Inna kuwa washegari ta sa aka auno mata kalwa.

Wanda bai taɓa ganin tsarabar uwa zuwa gidan ɗanta ba ba zai gane ba. Daddawa ba ta kasuwa ba, wai surukarta za ta ce ta raina ta, sai wadda ta dafa da hannunta: kalwa ta wuni a kan wuta, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta ruɓa, a kirɓa, a shanya. Kuɓewa a yanka a busar a daka. Kuka a tankaɗe. Gyaɗa a soya, a murje, a kai inji, a dawo a juya ta a turmi har mai ya fito, a murza ƙuli-ƙuli a soya. Garin kunu na mai jego daban, yajin jego daban. Shinkafa 'yar gida kuma sai an tsince ta tsaf, don mutanen Abuja haƙoransu ba su san tsakuwa ba. Duk wannan a kan girkin zaure, wanda ba a rage ko ludayi ɗaya ba. In na taso daga makaranta nakan wuce can in karɓi taɓarya, ta bar mini na ɗan lokaci, sai ta ce ba haka ake yi ba, ta karɓe abinta.

Baba kuwa ya nuna shi mutum ne mai fahimtar zamani. Yana faɗa wa baƙinsa a zaure, da ƙarfi don a ji a cikin gida, cewa shi bai hana ba, ta je ta huta, ai ta yi ƙoƙari. Abu ɗaya kawai ya roƙa, a bar masa gida a shirye. Ma'anar a shirye ita ce Inna ta surfa masarar da za a ci har ta dawo, ta kai niƙa, ta tankaɗe, ta ɗura a buhuna, ta kuma koya wa matar ɗan Baffa, wadda za ta riƙe madafi, yadda ake tuwon mutum da yawa. Yarinyar ta gwada. Baba ya kai loma ɗaya ya ture kwano, ya ce in aka ba Fulani wannan za su canza masauki. Sai ya zama kullum ana tuwo, Inna tana tsaye a kanta cikin hayaƙi, daga ƙarshe ta karɓi muciyar.

Sannan ga sallama. Mace kamar Inna ba ta barin gari ba ta shiga gida gida ta ce za ta yi tafiya a yafe ta ba. Wadda aka tsallake za ta riƙe abin har kabari. Kullum bayan la'asar, lokacin da ya kamata ta miƙe ƙafa, sai ta yafa mayafi ta fita. Kuma duk gidan da ta shiga suna da wani a Abuja. Kafin mako ya zagayo, rumfar tsakar gidanmu ta zama tasha. Ƙullin gero, ɗaurin tsintsiya, tabarma, jarkar man shanu daga wata ruga, saiwar maganin shawara ta wani jika, har da zakara mai rai da aka ɗaure masa ƙafa a jikin turmi. Wata tsohuwa ta kawo garin ɗanwake ta ce a kai wa ɗanta, yana gadi a wani gida mai jan ƙyaure, kowa ya san shi. Na ce, Iya, Abuja fa ba Dangora ba ce. Inna ta harare ni, ta karɓa da hannu biyu, ta ce in Allah ya yarda zai isa.

Muna cikin haka Yaya na Kaduna ya kira Baba. Ya ce shi dama ya san ba a ɗauke shi ɗa ba. Mota za ta bi ta Kwanar Dangora, ta ratsa Kaduna ta gaban shagonsa, a wuce da uwarsa kamar ba ta haife shi ba? Baba ya kira Baffa. Baffa ya ce adalci tsakanin 'ya'ya wajibi ne. Aka yanke cewa za ta fara sauka a Kaduna ta huta, sannan ta wuce Abuja ta ƙara hutawa. Yayyena suka taya juna murna a guruf, suka ce yanzu hutun ya zama na birane biyu, irin na manyan mutane.

Birni na biyu yana nufin tsaraba ta biyu, kuma daidai da ta farko, don matan 'yan'uwa suna waya da juna, za a auna. Aka sake auno kalwa. Yana kuma nufin sallama ta biyu, domin waɗanda suke da mutane a Kaduna ba a faɗa musu ba. Rumfa ta cika, kaya suka fara shiga ɗakin Inna, har ya zama sai ta raɓa take kaiwa ga gadonta. Ana haka ƙanwarta da take aure a Zariya ta ji labari, ta kira tana kuka, wai Yaya za ki wuce ta ƙofar gidana. Zariya ta shiga lissafi. Ranar tafiya kuma ta yi ta matsawa: a bari a ci kasuwa, a bari a yi sunan gidan maƙwabta, a bari a gama casar shinkafa.

Maganin likita tana sha in ta tuna. Idanunta suka yi ja, ƙafafunta suka kumbura har silifa ba ya shiga. Rannan na same ta zaune a bakin murhu ta dafe kai da hannu biyu, tukunya tana tafasa. Raina ya ɓaci, na cika na yi fam. A gabanta na kira Yaya Babba.

"Yaya, don girman Allah ku bar matar nan ta kwanta a ɗakinta. Ku ɗauko mai aiki. Hutun nan naku kashe ta zai yi."

"Auta, matsalarki ba ki fita ba. Ba ki san amfanin canjin iska ba. Tana shiga Abuja za ki ga ta canza."

"Ta kai Abujar tukuna!"

Ya kashe wayarsa. Inna ta ɗago kai ta dube ni, ta ce kada in ƙara ɗaga wa yayana murya a kanta, mutane suna neman yi mata gata ina neman in kunyata ta. Sannan ta ce in miƙo mata mara. Na miƙa mata, na koma bayan ɗaki na yi kukana.

Da hantsi ne abin ya faru, ranar da babu makaranta. Tana juya gyaɗar ƙuli-ƙulin Zariya a turmi, ina zuba mata ruwan zafi kaɗan kaɗan. Sai taɓaryar ta suɓuce ta faɗi. Ta sunkuya za ta ɗauka, hannun hagu ya ƙi zuwa. Ta tsaya tana kallonsa. Na ce Inna? Ta juyo, na ga bakinta ya karkace gefe guda. Tana ta ƙoƙarin faɗa mini wani abu, harshe ya ƙi, da ƙyar na gane cewa take in sauke kaskon mai kada ya ƙone. Na kurma ihu. Da motar maƙwabcinmu muka kai ta asibiti.

Likitan nan dai muka tarar. Bayan an sa mata ruwa an yi allurai, ya fito ya same ni a baranda.

"Ta huta kuwa, kamar yadda na ce?"

Na ce, "Shirin hutun ake yi."

Ya dube ni, ya koma ciki.

Allah ya taƙaita, abin bai yi muni ba. Magana ta dawo a hankali, ƙafa ta dawo, hannun ne dai ya ƙi riƙe komai. Aka ba ta gado a ɗakin mata, kusa da taga. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni: Inna tana barci da rana. Ta karya kumallo ta yi barci. Ta yi azahar a zaune ta koma ta yi barci. A kawo abinci a kwano, ta ci, a ɗauke kwanon, ba ta san wanda ya wanke ba. Da farko in 'yan dubiya sun shigo takan yunƙura za ta tashi, tana tambayata ko an ba su ruwa. Akwai wata nas, gajeriya, mai faɗa kamar me, ita ta yi maganin wannan. Ta ce duk wanda ya sa maras lafiyarta ta motsa za ta kore shi ko limamin gari ne, kuma lokaci yana cika take tafa hannu ta fatattaki kowa. Na ɗauka Inna za ta ji kunya. Sai na ga tana bin matar nan da kallo, tana sa mata albarka ƙasa ƙasa.

A gadon kusa da ita akwai wata mata daga Dangora mai ciwon suga. Suka ƙulla hira. Ba hirar komai ba, hirar zanen da ake yayi suna 'yan mata, da waƙoƙin gaɗa, da wani mahaukacin raƙumi da ya taɓa shiga kasuwa. Na ji Inna tana dariya da rabin baki har da hawaye. Kumburin ƙafa ya saɓe. Nakan shafa mata mai a dugadugai, ta lumshe ido ta ce in ƙara nan.

Baba yana zuwa bayan la'asar, ya zauna a bakin gado, ya ce Allah ya sauwaƙe. Ya damu, na ga alama, har ya rame. Amma kafin ya tashi sai ya ce tuwon yarinyar nan har yanzu da gudaji, kuma an nemi inda ake ajiye kanwa an rasa. Rannan ya duba hannun ya ce ai alhamdu lillahi tun da bakin ya dawo, ko daga zaune za ta riƙa nuna yadda za a yi.

Yayyena suka zo rana ɗaya, kowa da motarsa, da katan ɗin lemo da gwangwanayen madara. Suka tsaya a kanta aka ɗauki hoto. Ban gama ba su kujera ba suka fara. Yaya Babba ya ce wannan ba wurin da za a bar mahaifiyarsu ba ne, asibitin kirki sai Abuja. Na Kaduna ya ce likitocin Abuja sai tsada, ƙwararru suna Kaduna. Yaya Babba ya ce kuma ga matarsa ta sauka, an samu namiji, ganin jika kaɗai zai warkar da ita. Inna ta juya ta fuskanci bango tana cewa to, to, madalla. Nas ta zo ta tafa hannu ta kore su, suka ƙarasa musun a wajen ajiye motoci.

Kafin su koma suka biya ta gida. Aka buɗe but ɗin motocinsu, aka loda daddawa da kuɓewa da garin kunu da shinkafa, kowa da rabonsa, an ma ɗan yi gardama kan jarkar man gyaɗa. Tsaraba dai ta isa Abuja da Kaduna lafiya lau. Saƙonnin mutane kuwa suka ce babu wuri, ni na bi gida gida ina mayarwa ina ba da haƙuri. Tsohuwar nan mai garin ɗanwake ta yi wa Inna addu'a mai tsawo, sannan ta tambaye ni ko an sa wata ranar.

Wata safiya likita ya zo zagaye. Ya auna jini, ya sa ta matse masa yatsa, ya sa ta taka zuwa ƙofa ta dawo. Ya ce madalla, jini ya sauka, gobe za a sallame ta, saura a riƙa zuwa daga gida ana gasa hannun. Matar Dangora ta ce barka. Ni ma na ce alhamdu lillahi, na fara haɗa kwanuka a kwando.

Sai da ya wuce gado na gaba, ya wuce na gaba da shi, sannan na ji an jawo bakin mayafina. Na sunkuya. Ta yi magana a hankali yadda maƙwabciyarta ba za ta ji ba.

"Auta, je ki ce masa har yanzu kaina yana juyawa."

"Yana juyawa, Inna?"

Ta kalli taga. "A'a."

Na ajiye kwandon. Na bi likita na same shi a bakin ƙofa, na ce masa Inna ta ce har yanzu kanta yana juyawa. Ya dube ni, ya leƙa ya dubi inda take kwance, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa nas a bar ta sai wani makon, a ga yadda jikin zai yi.

Da na dawo in faɗa mata, na tarar har ta ja zane ta rufe ƙafafunta, tana barci.